Netwok ɗin da Bai Tsallake Koren Get Ba

Akwai wata mata mai suna Hajiya Nazeefa, rijistara a wata ƙaramar kwalejin koyon aikin lafiya da ke gefen Abaji, a kan hanyar Lokoja. Ranar Asabar, 12 ga Afrilun 2025, gari ya waye da zafi mai nauyi. Hadari ya taru a gabas tun da asuba, amma ko ganye ba ya motsi. A ranar ne kamfanoni biyu za su zo su nuna irin waifai ɗin da za su kafa wa kwalejin, wato intanet marar waya.

Ba don ado ake neman sa ba. Hukumar da ke ba da lasisin aiki ta sanar cewa daga bana da kwamfuta za a yi jarrabawar fita. Tambayoyi ta intanet za su shigo, amsoshi ta nan za su fita. Ɗalibin da bai rubuta ba, ba lasisi, ba aiki. Shugaban kwalejin, Dakta Uthman, ya ɗora wa Hajiya Nazeefa zaɓen kamfanin da zai yi aikin.

Mace ce mai tsari. Ta daɗe tana aiki a wata ma'aikatar tarayya kafin ta zo nan, kuma ba a taɓa jin ta da cin amana ba. Abu ɗaya ne ba ta iya jurewa: baƙo ya ga aibin wurinta.

Kwalejin kuwa fuska biyu gare ta. A gaba akwai ginin ofisoshi mai farin fenti, da furanni, da ɗakin taro mai tayil. A baya akwai ɗakunan kwanan ɗalibai da rufinsu ke yoyo, da fasasshiyar kwata, da igiyoyin shanya, da awakin maƙwabta. Can ƙarshe, bayan layin itatuwan mangwaro, akwai tsohon zaure. Asalinsa ma'ajiyar wani kamfanin yin hanya ne, ginin dutse mai kauri da rufin kwano. Shi kaɗai ne ɗakin da ke ɗauke 'yan ajin ƙarshe gaba ɗaya, saboda haka a nan ake jarrabawa. Sau ɗaya a shekara ake masa fenti, idan jarrabawa ta matso, a shigo da masu sa ido ta ƙofar gefe.

Tsakanin gaba da baya akwai katanga da wani koren get. Hajiya Nazeefa ce ta sa aka yi shi. Duk ranar da baƙi za su zo, a kulle get ɗin, a ce wa ɗalibai su zauna a ɗaki ko su fita gari. Kowa ya san da haka, har suna kiran ta ranar baƙi. Shi ya sa ta sa wa kamfanonin ranar Asabar.

Wanda ya fara zuwa wani saurayi ne mai suna Tawfiq, daga Wuse. Ƙamshin turarensa ya riga shi shiga ɗakin taro. Ya ɗora wata farar na'ura a kan tebur, ya ce kowa ya duba wayarsa. Sabis ya cika fal.

"Hajiya, namu ba haƙa, ba fasa bango, ba jan waya," in ji shi. "Babba ɗaya za mu ɗora a kan dogon ƙarfe a saman ginin nan. Daga can zai rufe makarantar kamar laima. Faɗa mini girman filin kawai."

Ta faɗa masa. Ya danna lissafi a wayarsa, ya yi murmushi.

"Har 'yan kasuwar Abaji sai sun roƙe ku lambar sirri."

Dakta Uthman ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, amma ta lura da abu ɗaya: yaron ko sau ɗaya bai kalli koren get ba.

Bayan azahar wakiliyar kamfani na biyu ta iso. Injiniya Perpetual ce, mace mai matsakaicin shekaru, da takalmin aiki da jaka a baya. Ta sha ruwan da aka ba ta, ta leƙa ta taga.

"Madam, ina ɗalibai?"

"Yau Asabar ce."

"To yaya zan auna? Jikin mutum yana shan sigina, bango ma yana sha. Ina so in ga inda za su zauna. In da hali in dawo Litinin, lokacin da suna ciki."

"An ba ki zanen filin."

"Na gani. Zane bai gaya mini ko bangon bulo ne ko dutse ba." Ta nuna da haɓa. "Wancan koren get, ina ya tafi?"

"Ɓangaren ɗalibai ne. Ba a shiga da baƙi."

Perpetual ta yi 'yar dariya. "Madam, ni ba baƙuwa ba ce, ni lebura ce mai digiri. Na shiga silin da ɓera ya mutu a ciki. Ba abin da zan gani in kai gari."

Da wasa ta faɗa, amma Hajiya Nazeefa ta ji kamar an yaye mata mayafi a bainar jama'a. Wato matar ta riga ta gane akwai abin da ake ɓoyewa.

Perpetual ta ci gaba da bayani. Tsarinta shi ne a ja waya zuwa kowane gini, a liƙa ƙananan na'urori a silin, gwargwadon yawan mutanen da ke zama a ɗakin. Aikin zai ɗauki lokaci, kuma ma'aikatanta za su shiga ko'ina.

"Ba zan sa hannu a kan ɗakin da ban gani ba," ta ce.

"Ba wanda ya tilasta miki," in ji Hajiya Nazeefa, ta rufe fayil ɗinta. "Mun gode da zuwa."

Da matar ta fita, Dakta Uthman ya ce, "Hajiya Rijistara, wannan kamar ta san aikinta."

"Ranka ya daɗe, ta san aiki, ba ta san ladabi ba. Gobe a ji hotunan bayan makarantarmu suna yawo a waya."

Ya bar maganar a nan. Shi ma ba ya son a ga bayan. Aka ba Tawfiq aikin. Hadarin ranar ya tsaya har magariba, bai zubar ba.

Yaran Tawfiq suka zo suka kafa dogon ƙarfe a saman ginin ofisoshi, suka tafi ba tare da sun taka baya ba. A ofishin rijistara intanet kamar ruwan famfo. Da hukuma ta aiko tana tambaya ko kwalejin ta shirya, Hajiya Nazeefa ta sa hannu cewa an shirya tsaf.

Damina ta kankama. Mangwarorin suka yi duhu da ganye.

Abin da ta fara lura da shi ƙarami ne. Kullum da la'asar, idan ta fito za ta shiga mota, sai ta tarar da ɗalibai sun jeru a jikin bangon ofishinta, kowa ya sunkuya a kan waya. Ba hira, ba dariya. Wasu a tsaye, wasu a tsugune a kan furanninta. Ta sa mai gadi ya kore su. Washegari suka koma jikin koren get, ta ciki, suna miƙo wayoyi ta saman katanga. Daga ofis hannuwa kawai take hangowa.

Ta sauke labule.

Wata safiya shugabar 'yan ajin ƙarshe ta ƙwanƙwasa ƙofa. Sunanta Gift, 'yar Mararaba. Ba yarinya ba ce. Ta bar 'ya'yanta wurin mahaifiyarta ta dawo karatu, kuma wani asibiti a unguwarsu ya yi mata alkawarin aiki da zarar lasisi ya fito.

"Ina kwana, Ma. 'Yan aji ne suka aiko ni."

"Ina jin ki."

"Ma, netwok ɗin ba ya kaiwa can. A ɗakin kwana sai mutum ya hau gadon sama ya ɗaga hannu. Har an sa masa suna Oga, wai ba ya zuwa unguwar talakawa."

"Ba a kafa shi don kallon fim a gado ba."

"Haka ne, Ma. Amma zauren jarrabawa ya fi ɗakin kwana nisa. Muna roƙo a yi mana gwaji, mu duka, kafin ranar."

Hajiya Nazeefa ta san roƙon yana kan hanya. Amma gwaji yana nufin a kira Tawfiq da yaransa su tsaya a wurin. Su bi ta gefen kwata, su ga zauren tun ba a yi masa fenti ba.

"Ku je ku yi karatu," ta ce. "Netwok aikina ne, ba naku ba."

Gift ta rusuna ta fita.

Duk da haka maganar ta tsaya mata a rai. Ranar wata Juma'a, da mutane suka tafi masallaci, ta ɗauki kwamfutarta ta buɗe koren get da kanta. Zauren shiru, sai warin jemage. Ta bar ƙofa a wangale, ta zauna a kujerar farko kusa da ita. Shafin ya yi jinkiri, ya yi jinkiri, sannan ya buɗe.

Ta ce a ranta, ai ga shi yana yi. Ba ta matsa ciki ba. Ta lura da cewa ba ta matsa ba, kuma ta ƙi tambayar kanta dalili.

Da yamma ta kira Tawfiq, ta ce ana cewa sabis yana rauni a baya.

"Hajiya, damina ce. Ko a Maitama haka ake fama. Kwantar da hankalinki, zan ƙara masa ƙarfi daga nan ofis."

Ta kwantar.

Ranar jarrabawa gari ya tashi a rufe, sama ta yi baƙi, amma ba ɗigon ruwa. Zauren yana ƙamshin sabon fenti. Masu sa ido na hukuma suka iso, aka bi da su ta ƙofar gefe. Ɗalibai suka zauna, kowa da kwamfuta a gabansa. Bisa doka aka rufe ƙofofin ƙarfe da tagogin ƙasa. Babbar mai sa ido ta ce a fara.

Hajiya Nazeefa tana tsaye a baya, tana ganin fuskokin kwamfutocin duka. A kan kowace, wani ɗan zobe yana juyawa.

Ya juya. Ya ci gaba da juyawa.

Hannu ɗaya ya tashi, sai wani, sai layi guda. 'Yan kusa da ƙofa sun samu tambayar farko, suka amsa, amsar ta ƙi tafiya. Na tsakiya ko sunansu bai shiga ba. Aka ce a kashe a kunna. Aka kashe aka kunna. Wata ɗaliba ta kifa kai a kan tebur. Gift ba ta ɗaga hannu ba. Waiwayowa ta yi ta kalli rijistara, sannan ta mayar da kanta.

Wayar Tawfiq tana ta ringin ba a ɗauka.

An daɗe a haka kafin babbar mai sa ido ta ce an soke zaman. Tana cikin rubuta bayaninta aka yi wata tsawa, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Ƙarar kwano ta hana a ji maganar kowa.

Dakta Uthman ya matso kusa da kunnen Hajiya Nazeefa. "Allah ya rufa mana asiri," ya ce. "Hadari ne ya katse netwok. Haka za mu rubuta."

Haka kwalejin ta rubuta. Masu sa ido sun ga baƙin sama da idonsu, ba su musa ba.

Amsar hukuma ba ta jima ba. Tun da matsalar yanayi ce, an yarda a sake zama sau ɗaya, a wannan zauren, a ƙarshen wata. Idan aka sake samun matsala, ɗaliban sai su jira zagayen baɗi.

Dakta Uthman ya yi hamdala. Hajiya Nazeefa ta karanta layin ƙarshe ta sake karantawa. Ita ce take tsaye a baya ranar. Ta san zoben ya daɗe yana juyawa kafin ɗigon farko ya sauka.

Ta jira ranar da gari ya washe, rana ta take, ko gizagizai babu. Ta aika aka kira Gift.

"Tara min 'yan ajinku a zaure. Kowa ya ɗauki kwamfuta."

"Gwajin ne, Ma?"

"Shi ne."

"Allah ya sa ba a makara ba," in ji Gift a hankali.

Suka zauna kamar ranar jarrabawa. Hajiya Nazeefa ta ja ƙofar ƙarfe da hannunta ta rufe. Ta ce kowa ya buɗe shafin hukuma.

Zoben ya dawo, a kan kowace kwamfuta, daga gaba har baya. Ta ramukan kwano rana tana saukowa a kan teburori.

Wani daga baya ya ce, "Yau kuma wane hadari ne?" Ba wanda ya yi dariya.

Da ta koma ofis ta daɗe tana kallon wayarta kafin ta nemo lambar Perpetual. Ta yi tsammanin za a goranta mata. Matar ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaya bangon na mene ne, rufin na mene ne, mutum nawa ke zama.

"Sorry, Madam. Dutse, kwano, itatuwa, ga mutane cike. Ko an ƙara ƙarfi daga sama, ƙananan kwamfutocin ba za su iya mayar da amsa ba. Sai an ja waya har ciki."

"Za a iya kafin ƙarshen wata?"

"In na ce miki eh, ƙarya na yi. Haƙa a cikin damina, ga odar kaya, ga gwaji. Zan iya yin aikin, amma ba don wannan jarrabawar ba. Ki nema wa yaran wani wuri."

Wani wurin kuwa hukuma ce kaɗai ke da ikon bayarwa. Kuma ba za ta bayar ba sai an gaya mata cewa zauren bai cancanta ba, cewa ba hadari ba ne, cewa takardar da aka sa wa hannu ba gaskiya ba ce.

Ta je ta sami Dakta Uthman ta faɗa masa komai. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Hajiya Rijistara, kin san abin da kike cewa? Za su ƙwace mana cibiyar jarrabawa. Za su turo masu bincike su shiga ko'ina. Iyaye su ji, su kwashe 'ya'yansu. Kuma sa hannun waye a takardar?"

"Nawa ne."

"To. Ki bari mu bar ƙofofi a buɗe, mu roƙi masu sa ido. Yaron nan ya ce zai ƙara ƙarfi. Ga addu'a."

"Ranka ya daɗe, na gwada da rana tsaka. Bai yi ba."

"Wataƙila ranar ya yi."

"Idan bai yi ba fa?"

"Shekara ɗaya ce. Ba mutuwa ba ce." Ya mayar da tabaransa. "Ba takardar da za ta fita daga ofishin nan da wannan maganar. Ke da kika fi kowa kare mutuncin makarantar nan, yau ke ce za ki tona mata asiri?"

Gaskiya ya faɗa. Ita ce.

Duk wasiƙun kwalejin ta teburinsa suke bi kafin su fita. Saboda haka a gida ta rubuta tata zuwa ga hukuma. Ba ta tsawaita ba. Ta ce ita ce ta zaɓi tsarin ba tare da ta bari an auna zauren ba. Ta ce ɗalibai sun nemi gwaji ta hana. Ta ce netwok ya tsaya tun kafin ruwa ya sauko. Ta roƙi a mayar da ɗaliban wata cibiya, ko Gwagwalada ko cikin gari, kuma duk hukuncin da za a yi ya tsaya a kanta. Ta sa hannu, ta liƙe ambulan, ta saka a jaka.

A jakar wasiƙar ta kwana. Ta sake kwana. Kullum sai ta wuce gidan waya a mota, ta ce gobe. Tana tuna shekarun da ta yi tana gina sunanta, da yadda za a faɗi labarin a tsohuwar ma'aikatarta. Ƙarshen wata kuma yana matsowa.

Wata safiya tana fakin ta ji murya a bayan motar. Gift ce take waya, ba ta ga rijistara ba.

"Mama, ki ce wa 'yan asibitin su ƙara haƙuri, kar su ba da aikin ga wata. Ƙarshen wata za mu sake... Eh, an ce za a gyara... Ban sani ba, Mama. Haka dai aka ce."

Hajiya Nazeefa ba ta kashe motar ba. Ta juya ta fita.

A gidan waya na Abaji ba layi. Ma'aikacin ya ɗora ambulan a sikeli, ya karanta adireshin.

"Hajiya, ta talaka ko ta gaggawa?"

"Wadda za ta isa gobe, a sa hannu an karɓa."

"Aiki ake nema wa yaro ke nan?"

"A'a," ta ce. "Nawa ne wataƙila zai tafi."

Ya ɗago ya kalle ta, ya ga ba wasa take yi ba. Ya buga hatimi, ya jefa wasiƙar cikin buhu.

Darasi: Wanda ya zo gyara ba baƙo ba ne, kada ka nuna masa falo ka kulle masa inda ciwon yake. Aibin da muke ɓoyewa don kada a raina mu ba ya gushewa, kan waɗanda ba su da laifi yake faɗawa. Idan an ba ka amanar zaɓar wa jama'a wani abu, ka gwada shi a inda za su yi amfani da shi, ka saurare su tun da wuri. Idan kuma ka riga ka yi kuskure, ka faɗe shi tun faɗar tana da amfani. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana riƙe da amanar mutane a makaranta, ko asibiti, ko ofis.